Tagar Jirgin da Na Ƙi Bari Ta Gyaru

Hajiya Dije, don Allah ki taimaka mini da shawara, na jefa kaina cikin wani hali da nake jin kunyar faɗa wa ko da 'ya'yana. Kada ki buga sunana.

Ni ɗan Ƙofar Guga ne a nan Katsina, shekarata sittin da takwas. Shekara talatin da ɗaya na yi a Legas ina aiki a ƙaramin jirgin ruwan wani Bature, irin na shaƙatawa mai tafiya da iska. Ni ke wanke shi, ni ke ɗaure igiyoyi, ni ke gyara duk abin da ya lalace. A rufin ɗakin jirgin akwai wata taga ta gilashi mai kallon sama. Da ya sauya ta da sabuwa sai na roƙi tsohuwar, ya ba ni. Da na dawo gida na sa aka yanka kwanon ɗakina aka dasa ta saitin gado. Matata Khadija, Allah ya jiƙanta, ta yi dariya har da hawaye, ta ce kaf Katsina ni kaɗai ne na ɗauko ma'aikaci ya huda mini rufi. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. 'Ya'ya sun watse, Maryam ce kawai ke bugo waya ranar Juma'a daga Kano.

Gidan ya yi mini girma, Hajiya. A majalisar ƙofar gida, da na ɗauko labarin teku sai a koma zancen tsadar taki. Ba na ganin laifinsu, yawancinsu ruwan da ya fi girma da suka taɓa gani shi ne na dam ɗin Ajiwa.

To, bara da damina tagar ta fara yoyo. Aka haɗa ni da wani kafinta, Garba, magidanci ne daga Ƙofar Ƙaura. Yana kan rufi ina riƙe masa tsani sai ya tambaye ni yadda ake gane alƙibla a cikin jirgi alhali yana ta juyawa. Wallahi tun da na dawo ba wanda ya taɓa yi mini tambaya irin wannan. Ya sauko, muka sha fura, muka yi hira har aka kira la'asar.

Ga laifina. Na san gyaran tagar nan kamar yadda na san sunana. Sai an kwance ta ɗungurungum, a kankare tsohon gam tas, a bar wurin ya bushe, a shimfiɗa sabon gam mai taushi a ƙarƙashin firam ɗin, sannan a mayar da ita a ɗaure a hankali. Shi kuwa Garba kwalta da siminti yake laftawa a kewaye ta sama. Rana ta daki kwano, abin ya tsattsage, ruwa ya sake samun hanya. Ina kallo na yi gum, saboda na san idan ta gyaru ba zai sake zuwa ba. Sau shida ya hau rufin nan.

Makon jiya bayan la'asar, a ƙofar masallaci, maƙwabcina Alhaji Lawal da ke ginin sabon gida ya ce ya fasa ba Garba aikin rufi, wai wanda taga ɗaya ta gagara sau shida ina zai iya da gida guda. Ina tsaye a wurin, ban ce uffan ba. Jiya Garba ya zo ya durƙusa yana ba ni haƙuri, ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, in nemi wani. Ya ƙi shan furar ma. In na faɗa masa gaskiya zan rasa shi, in na yi shiru na riga na rasa shi, ga abincin iyalinsa da na taɓa. Yaya zan yi?

Tsohon Ɗan Jirgi, Ƙofar Guga

Baba Ɗan Jirgi, Allah ya jiƙan Khadija, ya ba ka haƙurin rashinta. Kaɗaici ciwo ne, kuma ban ga mugunta a zuciyarka ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ka cuci Garba. Shi ma yana da ɗan nasa laifin, don ya kamata tun hawa na biyu ya tambaye ka yadda ake yi da irin wannan taga. Sai dai shi bai sani ba ne, kai kuwa ka sani.

Ka fara da Alhaji Lawal, tun kafin ya ba wani aikin. A ƙofar masallacin da aka ɓata sunan Garba, a nan za ka gyara shi, gaban mutanen da suka ji. Ka ce tagar jirgi ce, gyaranta daban ne, kai ka sani ka ƙi faɗa. Za a yi maka dariya kwana biyu, ba za ta kashe ka ba.

Daga nan ka taka da ƙafarka har Ƙofar Ƙaura, kada ka aika. Ka faɗa wa Garba dalilin da ka faɗa mini, ka nemi gafararsa, ka roƙe shi ya zo ku gyara ta tare, kana nuna masa yana yi. Zai iya yin fushi, haƙƙinsa ne, kada ka matsa masa. Amma ka lura da wannan: kafinta ba ya zama har la'asar yana sauraron labarin teku saboda kwalta. Da ka ce masa ya riƙa leƙowa hira, ina kyautata zaton da ya zo.

Ka kuma faɗa wa Maryam cewa gidan ya yi maka shiru, don ba za ta gane a waya ba in kullum lafiya lau kake ce mata. Allah ya sanyaya zuciyar Garba a kanka, ya mayar masa da aikinsa. Ka je yau, Baba, kada ka jira wani ruwan ya sauko.

Hajiya Dije