Dattijon Teburi na Tara

Las Vegas,
9 ga Maris, 2003.

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na jirgin kamun kifi. Yaya sanyin Alaska, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan alhamdu lillahi. Mijina Curtis yana gaishe ka. Har yanzu sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda. Ya rame, amma bakin nan nasa yana nan. Inshorar sabon gidan cacar da na koma aiki ce ke ɗauke da komai, ba don ita ba ban san inda za mu sa kanmu ba.

Bari in ba ka labari. Ka san Troy Vandermeer, jarumin fim ɗin nan mai karyayyen hanci? To ƙanwarka ce ta kama shi. Kwana uku yana zuwa da rana yana buga wasan karta na ashirin-da-ɗaya, ni kuma ina ɗakinmu na sama ina kallonsa ta kyamara. Ba ya zama wuri ɗaya. Sai ya yi ta yawo yana ɗaukar hoto da 'yan mata, can sai ya faɗo teburi na tara, ya zuba dala dubu biyar a hannu guda, ya ci, ya tashi. Duk sanda ya zauna, ƙananan karta sun fita, manya ne suka rage, lokacin da ɗan wasa ya fi samun damar ci ke nan. Mu da Baba ya koya wa lissafin karta a teburin kicin tun muna firamare, ai ba sai an faɗa mana ba.

Shugabanmu, Mista Kessler, da kansa ya sauka, har da gyara kwat. Ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ka fi ƙarfinmu a wannan wasa. Sauran wasannin gidan duk naka ne."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Wato kun fi son masu faɗuwa."

Kessler ya ce, "Su ke biya mana kuɗin wuta."

Aka ba shi abinci da giya kyauta, aka sa mota ta kai shi filin jirgi.

Sai dai ba shi ke lissafin ba, idonsa ko sau ɗaya bai bi karta ba. Akwai wani dattijo mai farin gemu da hular kamun kifi a teburin, dala goma-goma yake sawa. Idan ya juya hannun kofinsa zuwa hagu, sai jarumin ya iso. Daga sama hula da gemu kawai nake gani, amma na fitar da hoton na ba Kessler. Ya ce ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba.

Ka ji daga Baba kuwa? Shekara biyu ke nan ba mu yi magana ba, tun da na ce masa lasisin aikina ba zai jure a gan ni da shi ba. Ko inda nake aiki yanzu bai sani ba.

Ka riƙa sa safar hannu.

Taka ƙanwa,
Joanne.


Las Vegas,
21 ga Maris, 2003.

Yaya Wendell,

Ina gaishe ka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Baba yana asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana raye, yana gane mutane. Sauran maganar ba ta faɗuwa ta waya, shi ya sa na rubuto.

Ranar Talata, wajen ƙarfe biyu na rana, dattijon nan ya dawo shi kaɗai ya zauna a teburi na tara. Kessler ya tsaya a bayana ya ce in matso da kyamarar. Na matso da ita kan hannunsa. Yaya, ƙaramin yatsan nan da aka karya wa Baba a garin Reno, wanda ya warke a karkace, shi na gani riƙe da kofi. Gemu ya tara, ya kuma rame fiye da yadda na san shi.

Kessler ya ce, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ban faɗa masa mahaifina ne ba. Sunan mijina nake amfani da shi, babu wanda ya san 'yar Orville Pruitt ce ni. Da na buɗe baki, a ranar zan rasa aiki, Curtis kuma yana da wankin ƙoda washegari.

Shi babu wanda ya gyara kwat dominsa. Masu gadi biyu suka ɗago shi ta hammata. Ya ce musu, "Samari, babu dokar da ta hana mutum tunani. Ku ba ni kuɗina in fita da ƙafata." Ɗayan ya ce, "Tsoho, za ka fita, amma sai mun gaisa." Suka kai shi ɗakin baya, suka ɗaure hannunsa da ankwa a jikin benci.

Akwai kyamara a ɗakin, kuma ni aka sa in lura da ita. Suka zazzage aljihunsa, suka ɗauke kwalbar maganinsa na hawan jini. Suka ɗauki hotonsa gaba da gefe don a raba wa duk gidajen caca na garin. So suke ya sa hannu a takarda cewa ya yi maguɗi, ya kuma faɗi sunan duk wanda ya taɓa koya wa. Ya ce, "Wanda kuka kai filin jirgi ku tambaye shi mana. Ko shi ba ku da benci daidai shi?"

Sau uku ya roƙi maganinsa. Na ce wa Kessler dattijon nan ba shi da lafiya, a ba shi. Ya ce, "Duk haka suke yi. Da ya sa hannu zai warke." Na koma na zauna. Wannan ita ce kaɗai maganar da na yi don mahaifina a cikin awa huɗu.

Wajen ƙarfe shida na ga bakinsa ya karkace, ya sulale daga bencin, hannunsa na rataye a ankwa. Nan na yi ihu. Aka kira motar asibiti, aka fitar da shi ta ƙofar da ake fitar da shara don kada baƙi su gani.

Na ce ciwon kai nake yi, na bi shi a motata. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da abin bai kai haka ba.

Ka zo in za ka iya. Ba na iya cin abinci.

Joanne.


Las Vegas,
14 ga Afrilu, 2003.

Yaya Wendell,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na samu takardarka, na karanta ta har sau huɗu. Duk abin da ka kira ni na karɓa. Baba yana samun sauƙi kaɗan-kaɗan. An mayar da shi gidan jinya, yana cin abinci da hannun hagu, magana tana fita da ƙyar.

Ka ce ka samo lauya, kuma abin da yake buƙata kawai kaset ɗin bidiyon ɗakin baya. Yaya, babu kaset.

Sun rubuta a rahotonsu cewa minti ashirin aka tsare shi, kuma ya faɗi ne a hanyarsa ta fita. Kwana biyu bayan abin, Kessler ya ajiye kaset ɗin a gabana ya ce, "Wannan ya tsufa, ki mayar da shi cikin na'ura a ɗora wani a kai." Na ce sai gobe. Na sa shi a jakata na tafi da shi asibiti.

Na durƙusa gaban gadon Baba na faɗa masa komai: ni ce a sama, ni na fitar da hotonsa, ni na ce shi ne. Na nuna masa kaset ɗin, na ce ko ya ɗaga yatsa kawai zan kai wa 'yan sanda. Sai ya ce, "Ke ce... kika gano kofin?" Na ce ni ce. Ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga, ya ce, "Shekara talatin... ba wanda ya gano." Ina kuka, shi kuwa kamar daɗi yake ji.

Sannan ya tambayi lafiyar Curtis. Na faɗa masa gaskiya. Ya ture kaset ɗin da hannun hagu ya ce, "Koma aiki."

Ba zan ɓoye a bayan maganarsa ba. Tun kafin ya faɗa na san abin da zan yi, so nake kawai wani ya yarje mini. Da safe na sa kaset ɗin a na'ura, na danna maɓallin ɗauka da hannuna, na zauna ina kallo har ya cika da hoton mutane suna shiga lif.

Ranar Lahadi ina ba Baba miya, sai ga Vandermeer a talabijin ɗin ɗakin, ana hira da shi. Wai an kore shi daga gidan caca saboda kaifin ƙwaƙwalwa, wai shi ya koya wa kansa daga littafi. Jama'a suna ta tafi. Ko furen dubiya bai aiko ba. Na miƙe zan kashe, Baba ya riƙe rigata, ya kalla har ƙarshe. Miyar ma bai ƙarasa ba.

A wurin aiki kuma an ƙara mini girma. Yanzu ni ke koya wa sababbi yadda ake gane masu lissafi.

Likita ya ce ba zai ƙara riƙe karta da hannun dama ba, kuma ba zai iya zama shi kaɗai ba. Na gyara masa ɗakin da ke kusa da namu, ya ƙi. Ya ce idan aka gan shi a gidana, wahalar da ya sha ta tashi a banza. Don haka sai dai kai.

Idan jirginku ya dawo ƙarshen wata, ka zo ka ɗauke shi. Ba sai ka sauka a gidana ba, ba sai ka gaishe ni ba. Zan bar kayansa da magungunansa wurin ma'aikaciyar jinya, sunanta Misis Abernathy. Yana son a yanka masa burodi ƙanana, kuma kada ka taya shi ɗaura maɓalli sai ya nema.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Joanne Tillery.