A Bar Tanderun Ɗaki na Biyu a Kunne

Zuwa ga: Daraktan Ayyuka da Tsaron Gine-gine
Daga: Mai kula da kayan gwaji, Ɗaki na Biyu
Kwanan wata: 14 ga Mayu, 2024

Game da: Kashe tanderun lantarki bayan an tashi daga aiki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin kawo kukana kamar haka:

1. A ɗakinmu akwai ɗaliba mai bincike kan roba mai ruɓewa, irin wadda ƙwayoyin bakteriya ke tarawa a jikinsu. Ni ke ciyar da ƙwayoyin, ni ke wanke kwalabe. Yadda ta yi mini bayani, kuma na saurara da kyau, in an narkar da robar dole ta kwana a tanderu cikin zafin da ba ya canzawa, ta daskare sannu a hankali. Daskarewar ce take aunawa.

2. Tun gobarar bara, ofishinka ya umarci masu gadi su zaga da yamma, duk na'urar da suka ɗora wa hannu suka ji ɗumi su zare wayarta. Tanderu kuwa, Yallaɓai, ɗumin ne aikinsa.

3. Ranar 3 ga Afrilu aka zare wayar tanderun. Da safe muka tarar da robar ta sandare, gefe fari gefe garau, ana taɓawa tana karyewa. Na liƙa sanarwa a bango. Ranar 29 ga Afrilu aka sake zarewa. Maigadin, Dogo, abokina ne. Ya ce in yi haƙuri, rubutuna ba shi da hatimi, shi ma yana da iyali. Ban ga laifinsa ba.

4. Shugaban sashenmu ya ce maganar taku ce. Sakatarenka ya ce in rubuto. Na nemi in kwana kusa da tanderun, aka ce doka ta hana.

5. Wa'adin binciken yarinyar nan zai cika ƙarshen Yuni, kuma an ce ba ƙari. Robar da ta rage ta gwaji ɗaya ce tak, tara wata robar kuwa sai an ci watanni. Baba take kirana. Jiya na same ta tana zuba littattafanta a kwali, ta ce wai gyaran tebur take yi.

Saboda haka ina roƙo a taimaka a ba masu gadi takarda mai hatimi, cewa a bar wannan tanderu shi kaɗai a kunne. Ranar Litinin, 20 ga Mayu, za mu saka ragowar. Ko amsa ta iso ko ba ta iso ba, haka za mu saka, don ba mu da wata ranar.

Allah ya ƙara girma. A gafarce ni in na yi tsawon baki.

Naka mai biyayya,
Mai kula da kayan gwaji, Ɗaki na Biyu