Abin da Shuyi Ta Karanta Ba da Ƙamus Ba

Litinin, 12 ga Satumba, 2011

Sabon littafi. Irin shuɗin nan ne da ake ba mu na aikin English, don ko ƙanwata Batulu ta gan shi a jakata ba za ta buɗe ba. Ko ta buɗe ma, a nan Manchester aka haife ta, Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba.

An sallami Mrs Ogden. Ita ce mai koya wa baƙin yara Turanci, ita ta zauna da ni shekara huɗu da suka wuce lokacin da na baro wajen kakata a Kano na iske iyayena a nan. An ce council, wato ƙaramar hukuma, ta rage kuɗi. A madadinta an ƙirƙiro wani abu wai shi reading partner, ɗalibi ya riƙa taya baƙon ɗalibi karatu. Mr Pilling, malaminmu na English, ya tsayar da ni bayan aji, wai ni na bi ta wannan hanyar, kuma ina da haƙuri. Ba haƙuri ne da ni ba, musu ne ban iya ba. Na ce to.

Lunch ɗina na Litinin da Laraba da Juma'a ya tafi ke nan.

Laraba, 14 ga Satumba

Sunanta Shuyi. Daga China, watanta takwas a nan, iyayenta suna aiki a gidan abincin kawunta. Ta miƙo min tanjarin biyu da hannu biyu, ta ɗan rusuna, ta kira ni malama. Sa'ata ce fa.

Na zata ba ta jin Turanci. Ashe ta fi ni sanin kalmomi nesa ba kusa ba. Kullum tana haddace hamsin, kowace ta rubuta ta sau goma, fassarar yarensu a gefe. Tana kan littafi na goma sha ɗaya. Tana kuma da wata 'yar na'ura ruwan hoda mai kama da kalkuleta, dictionary ce mai batir.

To me zan koya mata?

Juma'a, 23 ga Satumba

Na gano. Shafi ɗaya Mr Pilling ya ba mu, da tambayoyi biyar. Da aka buga ƙararrawa tana layi na tara. Duk kalmar da ba ta tabbatar da ita ba sai ta tsaya, ta danna na'ura, ta rubuta, ta maimaita a hankali, sannan ta koma farkon jimla. Ko kallon tambayoyin ba mu yi ba.

Ranar 6 ga Disamba za a yi mock, jarrabawar gwaji. Da shi za a raba mu gida biyu, Higher a sama, Foundation a ƙasa. Wanda aka sa a Foundation, ko ya cinye komai C zai samu, ita kuma college ɗin da take son yin lissafi B suke nema a English. Ta ce kawunta ya riga ya faɗa: in ba ta samu ba, akwai gurbi a bayan kanta a shagonsa na Birmingham. Yarinyar da malamin Maths ke tambaya in lissafi ya cushe masa.

Allah ya sa ta shiga Higher. Amma da wannan tafiyar kam.

Laraba, 5 ga Oktoba

Layi na goma sha ɗaya. Tanjarin biyu.

Litinin, 17 ga Oktoba

Yau na karanta mata da kaina har ƙarshe don mu kai ga tambayoyi. Labarin wani tsoho ne da matarsa ta rasu, kullum ƙarfe biyar sai ya je bus stop ya tsaya, bas ta zo ta wuce, ya koma gida. Tambaya: me tsohon yake ji a ransa?

Shuyi ta bi shafin da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, sau biyu. Ta ce marubucin bai faɗa ba.

Na ce, ai ke za ki gano.

"In bai faɗa ba, ta yaya zan sani? Bai kamata in yi masa ƙage ba."

Ta san ma'anar kowace kalma a shafin, har da wata da ni ban taɓa ji ba. Tsohon ne kawai ba ta gani.

Na faɗa wa Umma a kicin. Ta ce, ki yi don Allah, ke ma wata ce ta zauna da ke. Abba daga falo ya ce zai yi kyau a takardar neman jami'a. Babu wanda ya tambaya ko ina cin abincin rana.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Hutun rabin zango. Mako guda babu ƙarar dannan nan. Alhamdulillahi.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Jiya Babbar Sallah, mun yi ta a Small Heath ta Birmingham, gidan Gwaggo Saudatu. Nama daga mahauci a leda, ba rago ba balle suya a tsakar gida. Kakata Hajiya Raki tana can tun da ta zo ganin likitan ido. Ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, amma ita ke riƙe da rimot.

Ana wani wasan kwaikwayo, wata mai jan gashi tana magana da mijinta. Hajiya ta ce, "Wannan ƙarya take shararawa. Dubi yadda take ta gyara kofin da ba abin da ya same shi." Minti goma sai ga asirin matar ya tonu. Ta kuma ce maƙwabcin nan da ke yawan dariya bashi ya zo nema. Haka ne.

Na ce, Hajiya, ya aka yi kika sani?

"Ke 'yar nan, idona ne ke ciwo, ba hankalina ba."

Tun daga Birmingham har gida a mota ina tunanin Shuyi. Ranar Sallah guda. Abin haushi.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Na yi ta maza. Na ɗora hannu a kan na'urar na ce yau mu gwada ba ita, in ta ga kalmar da ba ta sani ba ta wuce kawai, na gaba za su nuna mata hanya.

Ta kalle ni kamar na ce ta yi sata. Malaminta na can, in ji ta, ya ce wanda ya tsallake kalma kansa yake cuta, kuma ya raina wanda ya rubuta. Na tuna Malam Falalu a Islamiyyarmu ta Kano, yadda in ka tsallake harafi ɗaya a hadda sai ka koma farkon shafi. Na gane ta sarai. Shi ya ƙara ba ni haushi.

Na janye hannuna. Na ce to.

Juma'a, 18 ga Nuwamba

NO DICTIONARY IN THE EXAM. Mr Pilling ya faɗa, na faɗa, an manna a bango. Shuyi ta ce ta sani, shi ya sa ta ƙara zuwa kalma saba'in a rana. SABA'IN. Wai kafin mock za ta san duk wadda za ta iya fitowa.

Shuyi, Shuyi, Shuyi. Lunch ashirin da wani abu na ba ki. Na gaji da tanjarin. Na gaji da "malama". Na gaji da layi na tara. Ya Allah ka ba ta Higher ko na huta.

Biro ya huda takardar.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Laburaren unguwarmu yanzu ƙarfe ɗaya suke rufewa, injin kwafinsu kuma ya mutu tun bazara. Na kwafe gajerun labarai shida da hannu a bayan littafin nan. A kowanne na bar gurbin kalmomi masu wuya babu komai, don kada ta samu abin dannawa. Ban san yadda zan ba ta ba tare da ta ji na raina ta ba. Sai dai su zauna a nan tukuna.

Allah dai ya sa a ga sunanta a Higher. Hannuna ciwo yake.

Asabar, 26 ga Nuwamba

A bayan takardar homework nake rubuta wannan.

Littafina ba ya jakata. Wanda ke ciki shuɗi ne, amma na Shuyi ne, na aikin English. Jiya da ƙararrawa ta buga muka kwashe kaya da sauri, ta ɗauki nawa na ɗauki nata.

Ba ta jin Hausa. Tun safe nake faɗa wa kaina. Ba ta jin Hausa, ba ta san mai ji ba. Umma ta ce me ya same ni nake wanke kofin da na riga na wanke.

Litinin, 28 ga Nuwamba

Ya dawo. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba.

Ta riga ni zuwa. Babu tanjarin a kan tebur, babu na'ura. Ta miƙo min littafin da hannu biyu ta ce ta yi laifi: ta buɗe don ta ga na waye, ta ga sunanta, ta kasa rufewa. Ta gwada na'urarta, babu yarena a ciki. Kalma ɗaya ba ta iya dubawa ba.

"Sai na karanta har ƙarshe," in ji ta. "Ban taɓa yi ba."

Sannan ta fito da takarda. Wallahi ta tsara shi yadda Mr Pilling ya koya mana: ra'ayi, hujja, bayani. Ta karanta min a tsaye.

Na ɗaya, marubuciyar tana jin haushi. Hujja: sunan Shuyi yana kusan kowane shafi, kuma inda ya fito, kusa da shi akwai lunch ko dictionary. Ranar 18 ga Nuwamba an rubuta sunan sau uku a jere, haruffa sun yi girma, biro ya huda takarda. Ranar hutu kuwa rubutun ya kwanta lafiya. Saboda haka Shuyi ce matsalar, kuma marubuciyar tana jin yunwa.

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na biyu, ta ce, marubuciyar ba ta tsani Shuyi ba. Hujja: sau uku kalmar Higher ta zo tare da kalmar Allah, wannan kuwa ta san ta. Mutum ba ya kai wanda ya tsana gaban Ubangijinsa. (Ba ta san mutanen Kano ba. Amma ban katse ta ba.) Hujja ta biyu: shafi goma sha huɗu a baya, an kwafe da hannu, an cire kalmomi masu wuya. Marubuciyar ba ta buƙatarsu, Turancinta ya wuce nan. Wani ta yi wa.

Ta ninke takardar. "Marubuciyar ba ta faɗa ba. Amma na sani. Daidai ne?"

Na buɗe baki in ce to, kamar kullum. Sai na ji na ce, eh, na ji haushi, kuma tun Satumba nake jin yunwa, kuma ki daina ce min malama, da wata biyu kika girme ni.

Ta ce me ya hana ni faɗa tun farko.

Ta juya littafina ta baya da kanta, ta buɗe labari na farko. Ta cike gurbi bakwai cikin goma ba ta duba komai ba, biyar daidai. Sai ta ce, tsohon nan na bus stop, bas ɗin da matarsa ke dawowa a ciki ce ko?

Na ce ita ce.

Ta ce, ashe.

Laraba, 30 ga Nuwamba

Ta zo da tanjarin biyu da sandwich na ƙwai. Ta nuna min bayan ledar, ta ce ta karanta abin da ke ciki duka, babu naman da ba na ci. Kalma biyu ba ta sani ba, ta duba. Wannan na yafe.

Talata, 6 ga Disamba

Mock. A ƙofar hall ta ba ni ajiyar na'urar, ta manta ni ma shiga zan yi. Muka bar ta a loka. Daga kujerata ina hango bayanta. Sau biyu na ga hannunta ya tafi gefen tebur inda na'urar ke zama, ya dawo. Na ga ta juya shafi. Saura kaɗan in manta da tawa jarrabawar.

Litinin, 9 ga Janairu, 2012

Higher. Da maki uku ta tsallake, amma ta tsallake. Birmingham sai dai ziyara, aƙalla zuwa Yuni, lokacin babbar jarrabawa.

Mr Pilling ya ce aikin reading partner ya ƙare, ya gode, lunch ɗina ya dawo hannuna. Na ci shinkafa a canteen a zaune, a nitse, har na yi saura. Abin da nake nema ke nan tun Satumba.

Laraba, 11 ga Janairu

Na sayi jan littafi, na gaba ba zai yi kama da na kowa ba. Wannan shafin ne na ƙarshe a shuɗin.

Yau da rana na tsinci kaina a ɗakin karatu. Ba don komai ba, wajen cin abincin ne hayaniya ta yi yawa. Wance tana zaune a teburin nan, wai ita ma hayaniyar ce ta koro ta. Na'urar tana cikin jaka, na ga kanta ya leƙo. Har yanzu tana tsayawa a kan kalma fiye da kima, kuma babbar jarrabawar ba ta zo ba, dole wani ya sa mata ido. Cincin ɗin da na zo da shi ma Umma ce ta cika min leda, ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Na kula ban sa kalmar Turanci ko ɗaya a shafin nan ba, ban rubuta sunan kowa ba, ban danna biro ba. In ma wata ta sake ɗauka bisa kuskure, babu hujja.