Dije Ta Gani, Ni Na Koya Mata Shiru

Zuwa ga Malam mai zagayen makarantun elemantare na ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gajiyar tuƙa keke a hanyoyinmu. Allah gafarta Malam, ni mai mazarƙwaila ne a Taba. Na sa takardar nan a jarida don kukan da zan yi ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na ɗaya. Ranar kasuwar Makarfi, da rana tsaka, maza duk muna kasuwa, aka kwance dokin da ke juya mini injin matse rake. Da muka dawo muka yi yadda muka gada: aka kife ƙwarya a kan sawu, aka kira masu bin sawu, muka bi har ya ɓace a rugar Buba, Bafulatanin da shanunsa suka shekara tara suna takin gonata. Malam ya san al'adarmu, inda sawu ya tsaya nan ake neman kaya. Ba wanda ya ce a dakata, ko shanu ne suka tattake shi. Dogarai suka tasa Buba gaba, ni kuwa har da kumfar baki ina rantsuwa shi ne.

Na biyu. Ashe 'yata Dije, mai shekara goma sha uku, ta ga komai. Tana wanki a rafi ta ga wani mutum da ke cin tuwo a zaurena, wanda take durƙusawa ta gaishe shi da Baba, ya ja dokin ya ratsa garken Buba da gangan. Kwana goma sha ɗaya maganar na cinta. Ta daina cin abinci, muka ce shawara ce, har da jiƙa mata saiwa! Sai da kakarta ta ritsa ta suna kaɗi, sannan ta fashe da kuka ta faɗa. Alƙali ba ya yanke hukunci da bakin yarinya, amma bakinta ya nuna inda za a duba. Aka sami dokin a wani ƙauye bayan Dandamisa, an aske masa geza, aka saki Buba.

Na uku, laifin wa? Wallahi nawa ya fi yawa. Ni ne na taɓa zane ta don ta kawo mini ƙarar wanta ya karya rake, na ce ba a renon magulmaci a gidana. Haka ubana ya yi mini. Muna koya wa 'ya'yanmu "ban gani ba" tun ba su iya alwala ba, don gudun a ja mu shaida ana tsakiyar aiki. Amma Malam, ku ma ku ɗauki rabonku. Shekara biyu Dije na zuwa makarantarku. Ta san sunan kogunan da ba za ta taɓa shan ruwansu ba, amma an kama mutum a banza tana kallo, ba ta san wurin wa za ta ba. Haba!

Ban rubuto don faɗa ba. Na ga abin da kuka iya. Kun koya wa yara gina salga da tafasa ruwa, suka dawo gida suka ishe mu da mita har muka yi. Wanda ya iya wancan ba zai kasa wannan ba. Ga roƙona.

A ware musu gulma da ceton mutum, su san ba ɗaya ba ne. A nuna musu hanya: uwa ko uba, mai unguwa, dagaci, har ɗan doka, in wannan ya daka musu tsawa su wuce wurin na gaba. A koya musu faɗin abin da ido ya gani kawai, da wuri, da lokaci, ba ƙari, ba "an ce", kuma kada su bi ɓarawo da kansu. A roƙi manya su rufa wa yaron da ya faɗa asiri, kada sunansa ya yi yawo a kasuwa. Kada a manta da 'yan talla da masu kiwo da ba sa zuwa aji, don su ne a hanya kullum, sun fi kowa gani. Mu iyaye kuma a tara mu ko sau ɗaya ne a gaya mana gaskiya, ni zan zauna a sahun gaba.

Ranar da Buba ya dawo na je ba shi haƙuri, na kasa ɗaga ido. Ya rame, matarsa ta riga ta ɗaure kaya za su tashi. Sai ya tambaye ni wace ce yarinyar da ta faɗi gaskiya. Na sa aka kira ta. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya juya ya ce wa matarsa ta kwance kayan.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya sa albarka a allinku da allonku, ya raya mana yaran nan da ƙarfin halin faɗin gaskiya.

Wassalam.

Naka, Tanimu mai mazarƙwaila, Taba.