Majigin Baba yana jan mutum

Zuwa ga Yaya Ramalan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a Damagaram. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan Arlit lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, zafi ne dai ya matsa mana.

Yaya, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba. Tsohon injin majigin nan da Baba ya samo daga kulob ɗin ma'aikata yana jan mutum. Ina goge masa ƙura yana aiki, ba takalmi a ƙafata, kuma na yayyafa ruwa a zaure, sai na ji kuran, wutar lantarki, har kafaɗa. Baba bai taɓa ji ba, don kullum da takalman aikinsa masu roba yake taɓa shi. Jiya ma yana shafa shi yana cewa ko sabo bai kai shi lafiya ba.

Na yi yadda nake ganin kana yi, abu ɗaya bayan ɗaya. Na sa abin gwajin wutar nan naka da ka bari. In fitilar kaɗai aka kunna, shiru, amma da motar cikin injin ta fara juyawa sai abin gwajin ya kawo haske a jikin ƙarfen. Na zare fulogi na leƙa ƙasa, na ga rigar wata waya ta cinye tana gogar ƙarfe. Wayar da ke zuwa sandar ƙarfen da ka kafa bayan ɗaki don ta kai wuta ƙasa ita ma ta tsinke, don a nan Inna ke ɗaure akuya.

Ka san tun da aka sallame su daga aikin ma'adini Baba ba ya fita, ba ya hira. Wannan injin ne ya tashe shi. Ya yi wa yaran unguwa alkawarin kallo ranar Juma'a da la'asar, su kuwa ba takalmi suke zuwa ba, kuma komai sai sun taɓa. Na je in faɗa masa, na gan shi yana dariya shi kaɗai, sai na juya na koma.

Ka gai da Yaya Zakiyya da ɗanka Siddiƙ, Inna ma tana gaishe ku. Ni dai ɗazu na cire fizibil ɗin injin, wanda in babu shi ba ya kunnuwa, na ƙulle a bakin ɗankwalina. In Baba ya tambaya ba zan ce ban gani ba. Zan kai shi bayan ɗaki in nuna masa wayar.

Ƙanwarka,
Fa'iza