Ana Yabona a Kan Amanar da Na Ci

Salama a gare ku, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku bari in kai ƙarshe. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni Kirista ce, ina zaune a Gyadi-Gyadi da mijina da 'ya'ya huɗu, sana'ata girkin biki. A cocinmu akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, zan kira ta Mama Saratu. Ciwon suga ya cinye mata ido, ɗanta tilo kuma yana aiki a Fatakwal. Da zumuntar mata ta raba hidimar duba marasa lafiya, ni na ɗaga hannu da kaina na ce a ba ni ita. Duk Laraba da Asabar nakan hau acaɓa zuwa ɗakinta a Tarauni, in yi mata wanka, in wanke gyambon ƙafarta, in karanta mata Maganar Allah. Shekara biyu ban fasa ba. Takan shafa fuskata ta ce, "'Yata, ke ce idona."

Sai soja suka koma bariki, siyasa ta dawo. Matar wani sabon kansila ta ɗanɗana girkina, shi ke nan, yau taro gobe liyafa. Na fasa Laraba ɗaya, na ce zan rama ran Asabar, Asabar ta zo ta tarar da tukwanena a kan wuta. Wasa-wasa sai da na yi wata uku ban taka ƙofarta ba. Abin da ya fi ci mini rai, duk Lahadi shugabarmu takan tambaye ni a gaban mata, "Yaya jikin Mama?" ni kuma in ce, "Da sauƙi, tana gaishe ku." Har addu'ar godiya aka yi saboda sauƙin da na ƙaga da bakina. Da na ce na gaza, ai da an tura wata. Me ya hana ni faɗa? Don kada a ce wance ta kasa?

Wata Alhamis ina tsakiyar suyar nama, sai ga Hajiya, mai gidan da Mama take haya, ta zo da kanta. Ta ce ƙafar ta ruɓe, sun kai ta asibiti, ta cika da safe. Ashe ita take ciyar da ita duk kwanakin nan. Ta ce sau biyu tana shirin zuwa cocinmu ta sanar, Mama tana riƙe mata mayafi tana cewa, "Kada ki kai ƙarar 'yata, tana nan zuwa." Sannan Hajiya ta dube ni ta ce, "Ba mai ji a bakina. Ke da Allahnki."

Ranar jana'iza Fasto ya tsayar da ni a gaban jama'a, ya ce kowa ya yi koyi da riƙon amanata. Ɗan Mama ya durƙusa yana kuka ya ce, "Anti, abin da na kasa yi wa uwata ke kika yi mata." Na tsaya ƙiƙam, na bar shi yana ta godiya.

Tun daga ranar ban sake kai hannu ga gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji a coci ba, addu'a ma in na buɗe baki sai ta maƙale. Yanzu dattawan coci sun zaɓe ni in shugabanci hidimar marasa lafiya gaba ɗaya, Lahadi mai zuwa za a ɗora mini hannu. Mijina har ya sayo mini atamfa. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli ɗanta, da 'ya'yana? In na yi shiru, za a damƙa mini wasu tsofaffin. Na san akwai gafara, ni kaina na sha faɗa wa wasu haka, amma wadda zan durƙusa wa tana cikin ƙasa, kuma ta tafi tana kare ni.

Jama'a, saura kwana biyar. Me zan yi?