Mutumin Da Kika Zana Ta Ƙeya

Zuwa ga ƙanwata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya aika wa wadda ta riga shi, ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. A shafina na sada zumunta nake rubutawa, inda ƙawayenki na jami'a za su gani, don in na faɗi magana a gaban jama'a zan ji kunyar janyewa. Kin san halina.

Bangon ɗakin Umma ya ƙara tsagewa.

Kin tuna ranar da kika fara gwada shi? Masu fasa dutse suka busa jiniya, nakiya ta tashi a bayan tudun Mpape, kwanukan Umma suka yi ta kaɗawa. Kika zare tsinken tsintsiya kika soka a tsagar, da ƙyar ya shiga. Kafin ciwon da ya tafi da ke ya kwantar da ke, yatsanki ke shiga. Jiya na sa hannuna, Hafsatu, ya shige har wuyan hannu, na ji iskar waje. Ga damina ta kawo kai.

Baffa Bala, ƙanen marigayi Abba, yana nan kan bakansa: gidan da ɗan'uwansa ya gina ba za a bar shi ba, a liƙe da siminti a yi addu'a. Sau uku ana liƙewa. Umma ba ta tsallake maganarsa. Ni kuwa na ce to, kamar kullum. A ma'aikata ma haka nake, oga ya ce hagu in yi hagu, ya manta ya ce dama in koma dama.

Makon jiya na kunna kwamfutarki, na buɗe wasan nan da kika haɗa don aikin kammala karatu. Ga waɗanda ba su san shi ba: labari ne da zane-zane, kana karantawa sai ya tsaya ya ba ka zaɓi, abin da ka taɓa shi mutumin cikin labarin zai aikata.

Mutumin naki kullum ta ƙeya ake ganinsa. Na taɓa tambayarki, ina tsokanarki da lalaci, me ya hana ki yi masa fuska. Kika ce, "Yaya, ai bai taɓa juyowa ba. Ran da ya juyo sai in zana." Na yi dariya a lokacin. Sai yanzu na lura da hular, da kunnen nan na hagu da ya ɗan fito waje irin nawa. Lallai kin raina ni, yarinyar nan.

Gidansa yana gindin tudu, uwarsa na ciki. Tururuwa na ƙaura da ƙwayayensu, kaji sun ƙi shiga akurki, kowa na ba shi umarni. Duk inda zaɓi ya zo, akwai wani jan layi a ƙasa yana raguwa. In ya ƙare ba ka taɓa komai ba, wasan ya zaɓar maka da kansa: ya yi shiru.

Sau biyar na buga. Ban taɓa zaɓar shiru ba, wallahi, tsayawa nake in yi tunani, layin ya ƙare. Kuma sau biyar ƙarshen ɗaya ne: ƙarar ruwan sama, sannan hoton tarin bulo, da takalmin tsohuwa ƙafa ɗaya a kai. Na rufe kwamfutar ina jin haushinki, kina kabari ina jin haushinki. Daga baya na yi kuka.

A karo na shida ban tsaya tunani ba. Mutumin ya ce a'a, ya miƙe, ya kama hannun uwarsa. Sai ya juyo. Fuskar fara fat, ba ido ba baki, a gefe kin rubuta wa kanki: saura fuska. Ajali bai bar ki kin ƙarasa ba.

To ga abin da na yi yau.

Kin san koren akwatin ƙarfen Umma, mai likkafanin da ta wanko da zamzam a Makka, wanda take cewa ba za ta kwana a gari ɗaya shi yana wani ba. Da safe na shiga, tana kallona, na ɗora shi a kai, na gangara da shi ta 'yar hanyar nan har titi, na kai shi ɗakina a Gwagwalada. Da na dawo ta ce, "Sadisu, ina raye ka ɗauke min likkafani?" Na ce saboda tana raye ne na ɗauke, in tana so ta bi shi. Tunda nake ban taɓa mayar mata da magana ba.

Tun azahar ta shige ɗaki ta saki labule. Baffa ya kira, ya ce na zama ɗan banza, yana kan hanya. Tsoro nake ji, Hafsatu. La'asar ta wuce, hadari ya yi baƙi a kan tudun, direban da na ɗauko yana ƙasa yana ta oda, kuma masu fasa dutse ba su busa jiniyar yamma ba tukuna.

Dakata.

Yanzun nan ta ɗaga labule. Ba ta dube ni ba. Ta ce in miƙo mata takalmanta. Na duba bakin ƙofa, suna nan, ƙafa biyu.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da wannan tsokanar. Mu kuma ya riƙe mana bangon nan har mu kai titi.

Yayanki da ya juyo a makare,
Sadisu